Yini Guda a Elefsina, Garin Uwar Hatsi

Na baro gida a tsakiyar watan Satumba, a daidai lokacin da aka fara girbin gero a gonakinmu na kudancin Katsina, dawa kuma tana tsaye kore shar tana jiran ruwan ƙarshe. Da wannan hoton a idona na sauka a Atina, babban birnin ƙasar Girka, domin halartar wani taro na kwana huɗu a kan adana irin shuka. Tun daga filin jirgin sama abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne bushewar ƙasar, domin ciyawar gefen hanya ta zama ruwan ƙasa, tuddai sun yi furu-furu, babu abin da ya rage da ɗanyen ganye sai itatuwan zaitun da wasu itatuwa masu ganye kamar allura. Da wani zai rufe mini ido ya ajiye ni a wurin, da na rantse cewa a watan Maris muke, a tsakiyar rani.

A rana ta ƙarshe aka ba mu hutu, yawancin baƙi suka nufi tudun Akurofolis, inda kufan tsofaffin ɗakunan bautar Atina suke, kamar yadda kowane baƙo yake yi. Wata malama 'yar ƙasar, masaniyar aikin gona wadda muka zauna a rukuni ɗaya, ta tambaye ni sana'ar iyayena, da na ce mata noma, sai ta ce ɗan manomi bai kamata ya bar Girka bai ga Elefsina ba, kuma za ta raka ni. Garin yana yamma da Atina, tafiyar kilomita ashirin ko kusa da haka, a bakin teku, yana fuskantar tsibirin Salamis. Mutanen da suna kiransa Elusis, kuma fiye da shekara dubu shi ne babban wurin bautar Demita, wadda Girkawan wancan zamani suka ɗauka a matsayin allahiyar hatsi da noma. Ni Musulmi ne, ban je wurin da niyyar girmama abin bautar kowa ba, na je ne kamar yadda mutum yake zuwa kufai domin ya ji abin da mutanen da suka shuɗe suka fahimta game da ƙasa da yunwa da sarauta, kuma na dawo da abin tunani fiye da yadda na zata.

Mun fara daga unguwar Keramikos, inda har yanzu ake ganin tushen ƙofar da ake kira Ƙofa Mai Tsarki. Daga nan ne ayarin masu ibada yake tashi a kowace shekara, a watan da ya yi daidai da ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, su taka da ƙafa har Elusis, su isa da dare da wuta a hannuwansu. Titin motar da ya bi sawun tsohuwar hanyar har yau sunansa ke nan, Hanya Mai Tsarki, sai dai yanzu shagunan kayan mota ne da gidajen mai suka jeru a gefensa. Mun wuce tsohon gidan ibadar Kiristoci na Dafni, wanda aka gina a ƙarni na 11, sannan hanya ta ratsa tsakanin tuddai ta gangara zuwa teku. A nan ne zuciyata ta ɗan sosu, domin filin da ya buɗe a gabanmu, wanda ake kira Tiriyasiyo, shi ne filin da labari ya ce a yankinsa aka fara shuka hatsi a duniya, amma abin da na gani shi ne matatun mai da dogayen bututu masu fitar da harshen wuta, da wuraren ƙera jiragen ruwa, da wasu tsofaffin jirage da tsatsa ta cinye suna kwance a gefen ruwa. Malamar ta gaya mini cewa a garin aka kafa masana'antar siminti ta farko a Girka a 1902, daga nan masana'antu suka yi ta biyo baya har gonaki suka ƙare, kuma sai a 'yan shekarun nan aka fara waiwayar garin, musamman da aka naɗa shi ɗaya daga cikin biranen al'adu na Turai na shekarar 2023.

Kufan yana tsakiyar gari, gidaje sun kewaye shi. Da muka shiga muka taka wani fili da aka shimfiɗe da dutsen marmara tun zamanin Rumawa, sai malamar ta ja ni gefen hagu na babbar ƙofa, ta nuna mini wata rijiya. Ƙaramar rijiya ce, bakinta zagaye da duwatsun da aka sassaƙa aka jera da kyau, ba ta fi rijiyar tsakar gida girma ba, kuma da ba a nuna mini ita ba da na wuce. Sunanta Kalikoron, ma'ana rijiyar kyakkyawar rawa, saboda matan garin suna rawa a kewayenta. Na durƙusa na leƙa, na ga duhu da ɗan ganye a ƙasa, na shafa dutsen bakinta da ya yi santsi. A nan muka zauna a ɗan inuwar bango, ta ba ni labarin daga farko, kamar yadda ya zo a wata tsohuwar waƙar yabon Demita da aka tsara fiye da shekara 2,500 da suka wuce.

Demita tana da 'ya guda, Farsifoni, wadda mahaifinta shi ne Ziyus, sarkin alloli a wurinsu. Ɗan'uwan Ziyus, Hedis, mai mulkin ƙarƙashin ƙasa inda matattu suke, ya nemi yarinyar, Ziyus kuwa ya ba shi ita ba tare da uwar ta sani ba, balle a tambayi ita yarinyar. Wata rana tana tsinkar furanni a fili tare da ƙawayenta, ta miƙa hannu ga wani fure mai ban sha'awa da aka tsiro da shi musamman domin ya zama tarko, sai ƙasa ta tsage, Hedis ya fito a keken dawaki ya sure ta tana kuka. Akwai wani wuri a waƙar da ya tsaya mini a rai fiye da kowane: yarinyar ta ɗaga murya tana kiran mahaifinta, amma shi a lokacin yana zaune can nesa a ɗakin bautarsa yana karɓar hadayun da mutane suke kawo masa. Wanda ya tsara waƙar ya san sarai yadda masu iko suke yi, su yanke hukunci a ɓoye, sannan su nisanci wurin da za a zartar da shi don kada kukan ya kai kunnensu.

Uwar ta yi kwana tara tana yawo da wuta a hannu, ba ci ba sha ba wanka, kuma babu wanda ya yarda ya gaya mata gaskiya, daga cikin alloli har mutane. A rana ta goma ne Heliyos, wato rana mai ganin komai, ya bayyana mata cewa Ziyus ne da kansa ya bayar da 'yarta, sannan ya ƙara da ba ta haƙuri, yana cewa ai surukin ba ƙaramin mutum ba ne, sarki ne mai kashi ɗaya cikin uku na mulkin duniya. Da na ji wannan sai na ce wa malamar na san wannan maganar, na sha jin ta da kunnena a zauruka, inda ake cewa uwar yarinyar da aka yi wa auren dole ta kwantar da hankalinta tunda gidan arziki aka kai 'yarta. Ta gyaɗa kai ta ce kakarta ma a ƙauyensu ba a tambaye ta ba.

Demita ta bar mazaunin alloli cikin fushi, ta rikiɗa ta zama tsohuwa, ta iso Elusis ta zauna a bakin rijiya a ƙarƙashin itacen zaitun. 'Ya'yan sarkin garin, Keleyos, suka zo ɗibar ruwa suka same ta, suka kai ta gida ta zama mai renon ƙaninsu. An miƙa mata giya ta ƙi, ta ce a dama mata garin sha'ir da ruwa da wani ganye dangin na'ana'a, abin sha da bai yi nisa da kunun talaka ba, kuma shi ne masu ibada suka ci gaba da sha a wurin har ƙarshen zamanin bautar. Daga baya ta bayyana kanta, ta sa aka gina mata ɗakin bauta a kan tudun da ke bisa rijiyar Kalikoron, ta shige ciki ta zauna, ta hana ƙasa fitar da tsiro shekara guda cur. Waƙar ta kwatanta wannan shekara da kalmomin da duk manomi zai gane: shanu sun ja garma a banza, irin sha'ir ya zuba a ƙasa bai fito ba. Sai a lokacin Ziyus ya motsa, kuma dalilin da aka bayar a fili yake, wato idan mutane suka ƙare da yunwa babu mai kawo wa alloli hadaya. Ya aika manzo bayan manzo da kyaututtuka, ta ce ba za ta saki iri ba sai ta ga 'yarta da idonta.

Na daɗe ina juya wannan ɓangaren. A gefe guda ina jin daɗin cewa uwar da aka raina ta sami abin da ta tanƙwara sarki da shi, domin ba da roƙo ta ci nasara ba, da riƙe abincin duniya ta ci. A ɗaya gefen kuma ba zan iya mantawa da waɗanda suka ji a jikinsu ba. Manomin da ya bi shanu yini guda ya zuba irinsa na ƙarshe ba shi ya ba da yarinyar ba, ba shi ya sace ta ba, amma shi da 'ya'yansa ne suka kwana da yunwa har manyan suka sasanta. Hausawa sun ce idan giwaye biyu suna faɗa ciyawa ce ke shan wahala, kuma a labarin nan ko sunan ciyawar ba a ambata ba. Mahaifina ya sha ba mu labarin farin 1973 da na 1984, yadda aka sayar da shanun noma a kan kuɗin da bai kai na buhu biyu ba, yadda masu hali suka rufe rumbuna suna jiran farashi ya ƙara hawa, saboda haka shekarar da babu tsiro ba tatsuniya ba ce a gidanmu.

Muka tashi muka bi ta ƙaramar ƙofa, sai ga wani kogo a jikin dutse ta hannun dama, mai baki biyu, ba shi da zurfi sosai. Wannan shi ne wurin da suka ɗauka a matsayin ƙofar gidan Hedis. A kan wani dutse a ciki na ga rumman guda biyu, ɗaya ya tsage jajayen 'ya'yansa sun bayyana, da ɗan damin zangarniyar alkama da aka ɗaure da zare, alamar cewa har yanzu akwai masu zuwa su ajiye irin waɗannan abubuwa. Rumman ɗin shi ne ƙarshen makircin. Da Ziyus ya aika Harmis, manzon alloli, ya dawo da yarinyar, Hedis ya nuna ya amince har da murmushi, amma kafin ta hau keke sai ya ba ta ƙwayar rumman a asirce, domin a ƙa'idarsu duk wanda ya ci abincin ƙarƙashin ƙasa ya ɗaure da wurin. Da uwar ta tambaye ta, Farsifoni ta ce dole ya yi mata ta ci. Aka yanke cewa za ta riƙa yin kashi ɗaya cikin uku na kowace shekara a wurin mijin, kashi biyu a wurin uwarta, kuma ba a hukunta kowa ba, wanda ya bayar da wanda ya ɗauka duk suka ci gaba da sarautarsu. Da haka Girkawa suka bayyana wa kansu dalilin da ya sa ƙasa take mutuwa ta farfaɗo kowace shekara.

A nan na yi wa malamar tambayar da ke cina tun saukata. Na ce a littattafan da muka karanta an ce watannin da yarinyar take ƙarƙashin ƙasa su ne na hunturu, to amma ga shi ina ganin ƙasarku a mace a watan Satumba, alhali sanyi bai zo ba. Ta yi murna da tambayar, ta ce a yankin Atika, wato Atina da kewayenta, ana shuka alkama da sha'ir ne a Oktoba da Nuwamba idan ruwan farko ya sauka, su yi girma a cikin sanyi, a girbe su a Mayu da Yuni, sannan ƙasa ta bushe ƙurmus wata uku zuwa huɗu. Ita waƙar ta faɗa a sarari cewa yarinyar tana dawowa ne lokacin da furanni suke buɗewa bayan sanyi, amma wasu masana, musamman wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Martin Nilsson, sun kawo ra'ayin cewa asalin ma'anar ita ce watannin zafi, lokacin da gonaki suke fayau, irin shuka kuma yana ajiye a cikin ramuka da manyan tuluna a ƙarƙashin ƙasa, har ranar da za a fito da shi a shuka. Masana ba su haɗu a kan wannan ba, amma ni da nake tsaye a cikin wannan zafin, ina jin ƙamshin busasshiyar ciyawa, ra'ayin na biyu ya fi kwanta mini, domin ya yi daidai da abin da na sani: iri yana kwana a rumbu duk tsawon rani, mai gida yana tsaronsa ko da yara suna kukan yunwa, sai ruwan shuka ya sauka a fito da shi. Babban bikin Elusis ma a wancan zamani ana yin sa ne gab da lokacin shuka.

Daga kogon hanya ta hau zuwa babban ɗakin da ake kira Telesteriyon. Rufinsa da bangonsa sun tafi, abin da ya rage shi ne daɓe mai faɗin kusan mita 50 ta kowane gefe, da guraben ginshiƙai 42, da matakala hawa takwas da aka sassaƙa a jikin dutsen tudun, inda dubban mutane suke tsayawa cikin dare. Abin da ake nuna musu a ciki sirri ne wanda hukuncin tona shi kisa ne, kuma sun riƙe shi har bautar ta ƙare a ƙarshen ƙarni na 4 miladiyya, bayan Sarkin Rumawa Tiyodosiyus ya haramta tsofaffin addinai, mayaƙan Alarik, sarkin ƙabilar Got, kuma suka rusa wurin a wajajen 396. Abin da ya burge ni shi ne sharaɗin shiga, domin mace da namiji, ɗa da bawa, duk ana karɓarsu, muddin mutum yana jin Girkanci kuma bai zubar da jini ba.

Duk da haka, hannun masu iko bai bar wurin ba. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Atina take juya garuruwa da tsibirai masu yawa da sunan ƙawance, majalisarta ta zartar da doka aka rubuta a kan dutse, cewa a riƙa kawo nunan fari zuwa Elusis: kashi ɗaya cikin 600 na sha'ir, da kashi ɗaya cikin 1,200 na alkama, a kuma gina rumbuna uku na ajiyarsa. Ga garuruwan da ke ƙarƙashinta wajibi ne, sauran Girkawa kuwa gayyatarsu kawai aka yi. Idan aka gwada da zakkar hatsi da muka sani, wato ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, adadin kaɗan ne ƙwarai, amma zakka tana komawa ga mabuƙata ne, wannan kuwa manomin wani tsibiri mai nisa ne yake auna hatsinsa a loda a jirgi zuwa wurin da Atina take iko da shi, bisa hujjar cewa daga ƙasarta noma ya bazu zuwa duniya ta hannun wani saurayi, Tiriftolemos, wanda Demita ta koya wa shuka. Labarin da ya fara da kukan uwa a kan zalunci ya zama hujjar karɓar haraji.

A gidan tarihin da ke kan tudun na tsaya a gaban wani babban mutum-mutumi na marmara, rabin jikin mace, ɗauke da wani abu kamar kwando a ka wanda aka yi wa ado da zangarniyar alkama da furanni. Su biyu ne a da, suna riƙe da rufin ƙaramar ƙofar da muka wuce, wadda wani babban Barume ya gina a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). 'Yar'uwarta tana Ingila. Bayan rushewar wurin da ɗaruruwan shekaru, manoman ƙauyen, waɗanda Kiristoci ne, sun ci gaba da girmama wancan dutsen, suna tara taki a kewayensa har wuya, suna ganin albarkar gonakinsu tana tare da shi. A 1801, lokacin da Girka take ƙarƙashin daular Usmaniyya, wani Bature daga Kambirij mai suna Edward Daniel Clarke ya samo izini daga gwamnan Turkawa na Atina, ya sa aka tono shi duk da ƙin mutanen ƙauyen, aka ja shi da igiyoyi zuwa bakin teku. Jirgin da ya ɗauko shi ya yi haɗari a gaɓar kudancin Ingila, aka ceto dutsen, yau yana gidan tarihi na Fitzwilliam a Kambirij. Imanin manoman game da dutse kuskure ne a wurina, amma abin da aka yi musu zalunci ne, kuma siffarsa ɗaya da ta labarin: manya biyu sun daidaita a wani wuri, an zo an ɗauke mace daga Elusis, masu gona suna kallo.

Kafin mu sauka muka hau zuwa wata 'yar majami'a da ke ƙololuwar tudun, a bisa kogon. Sunanta yana nufin Maryamu ta tsakiyar shuka, domin bikinta yana faɗowa ne a 21 ga Nuwamba, lokacin da manomi ya kai rabin shukarsa, kuma malamar ta ce har yanzu mutanen garin suna hawowa a jajibirin ranar da burodi da dafaffen hatsi gauraye da wake iri-iri, ko da yake kaɗan ne a cikinsu suke da gona. Daga nan ana hango komai, kufan a ƙasa, rufin gidaje, bututun matatar mai, da tsibirin Salamis a ƙetaren ruwa.

A wurin na ga kiran mahaifiyata ya shigo, na koma gefe na amsa. Na ce, "Inna, barka da yamma, ina wuni?" Ta amsa, ta tambayi lafiyata da ta masu masaukina, sannan ta ce, "Yaya damina a can?" Na ce mata a nan rani ake yi, sai wata mai zuwa ko na bayansa za su yi shuka, su yi girbi lokacin da mu muke jiran ruwan farko. Ta yi salati, ta ce ikon Allah ya wuce tunani, ta tambaya ko suna da gero, na ce alkama ce da sha'ir. Na fara ba ta labarin uwar da aka aurar wa 'ya ba da saninta ba, ta saurara har zuwa wurin rumman, ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah," sannan na ji ta ɗaga murya tana kiran jikokinta. Ta dawo ta ce mini in yi haƙuri sai na kira da dare in ƙarasa mata, hadari ya haɗo daga gabas, ga geron da aka kawo jiya yana shanye a tsakar gida.